Hanyar da Ta Riga 'Yan'uwanta Isowa

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa zana allunan na'ura. Idan ka taɓa leƙa cikin waya ko kwamfuta ka ga wani koren allo mai siraran layuka na jan ƙarfe, to, irinsa ne suke zana layukan nan, gama su ne hanyoyin da saƙo yake bi. Mutumin nan gwani ne, sai dai Allah ya yi shi da sauri. Tafiyarsa kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Tun yana ƙarami aka laƙaba masa Riga-kowa, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Su biyu ne a gida, shi da mahaifinsa, tsoho mai dogara sanda. Ran Lahadi sukan fito tare za su sujada, amma kafin tsohon ya kai bakin kwalbati, ɗan ya sha kwana. Yakan isa majami'a ba a ma buɗe ƙofa ba, ya zauna a kan dakali shi kaɗai, yana jin haushin mutanen da ba su san darajar lokaci ba. Kaɗaici yana cinsa, amma bai san sunan abin da ke cinsa ba. Wata Lahadi tsohon ya ce ƙafarsa tana ciwo, ba zai je ba. Ta gaba ma haka. Daga nan bai ƙara fita ba, sai ya zauna a tsakar gida yana jiyo ƙararrawa daga nesa. Ɗan ya sayo masa man zafi, ya ɗauka ya gama nasa.

Ana nan sai aka ba shi aikin wani allo mai gudun gaske. Hanyoyi takwas ne za su tashi daga ƙwaƙwalwar na'urar zuwa ma'ajiyarta. Kowace kalma akan raba ta kashi takwas, kowane kashi ya bi hanyarsa. Akwai kuma agogo a ciki, yana bugawa sau miliyoyi kafin ƙiftawar ido. Duk bugu ɗaya, ma'ajiyar takan duba ƙofofinta takwas, ta haɗa abin da ta tarar, ta karanta.

Bakwai daga cikin hanyoyin dole suka yi zagaye, domin akwai abubuwa a gabansu. Ta takwas kuwa ta sami fili, sai ya miƙe ta sak, gajeriya. Ya yi ta kallonta yana jin daɗi, yana cewa a ransa da ma sauran haka suke.

Da aka ƙera allon aka kunna, sai shirme yake fitowa. Ya ce ai hanyoyin nan masu zagaye ne suka ɓata masa aiki. Kwana tara yana kan hanyoyi bakwai ɗin, ya matse nan ya rage can, shi kaɗai a ɗakin aiki, ba mai ce masa sannu. Ta takwas kam ko sau ɗaya bai zarge ta ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da dabara ta ƙare masa, sai ya kai zanen wurin Malam Barnaba, wanda ya koya masa sana'ar, yanzu kuma ya tsufa ya ajiye aiki. Malam ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ɗora yatsa a kan miƙaƙƙiyar hanyar, ya ce ga mai laifin nan.

Mutumin ya ce, "Malam, ai ita ce ta fi duka kyau. Ita take fara isa."

Malam ya ce, "Shi ne ciwon, ɗana. Ita kaɗai take isa. Kafin agogo ya buga, abin da ta kawo ya wuce, na bayansa ya maye gurbinsa. Kashi ɗaya ba kalma ba ne."

Mutumin ya tambaya ko akwai yadda za a sa lantarki ya rage gudu. Malam ya yi dariya, ya ce lantarki ba ya jin lallashi. Abin da masu sana'a suke yi shi ne su tsawaita masa hanya, su lanƙwasa ta, ta je ta dawo, ta je ta dawo kamar sawun maciji a rairayi, har tsawonta ya yi daidai da na 'yan'uwanta.

Abin ya yi masa zafi, amma ya koma ya lanƙwasa hanyar da yake taƙama da ita. Aka ƙera sabon allo, ya yi aiki sarai. Mutumin bai yi murna ba. Ya zauna yana kallon karkatacciyar hanyar nan, ya tuna dakalin majami'a, ya tuna tsoho a tsakar gida. Sai ya gane ba ƙafa ce take yi wa mahaifinsa ciwo ba.

Ran Lahadi ya ɗauko sandar ya miƙa masa. Tsohon ya ce ya yi gaba kawai, kada ya makarar da shi. Ɗan ya ce, "Baba, yau tare za mu shiga."

Ƙafar ɗan dai ba ta sake hali ba. Ya gwada tafiya a hankali, ya kasa. Sai ya yi wa kansa abin da ya yi wa hanyar. Ya yi gaba ya gai da mai shago, ya dawo wurin tsohon. Ya ratse ya leƙa wata gwauruwa da ya yi shekaru yana wuce ƙofarta, ya dawo. Da ƙararrawa ta buga, suna bakin ƙofa su biyu. Tsohon ya tsaya yana haki, ya dube shi ya ce, "Shekara nawa a hanyar nan, ƙeyarka kawai nake gani."

To, ga ma'anar misalin nan. Allon nan shi ne ikilisiya, hanyoyin kuwa mu ne. Kalmar ita ce shaidar da Ubangiji ya danƙa mana, bai kuwa ba kowa ita dungum ba, kashi kashi ya raba mana. Idan ya ba ka sauri, ko na ƙafa, ko na fahimta, ko na samu, ba zai karɓe shi ba, kada kuma ka ji kunyarsa. Amma idan ka ga hanyarka tana lanƙwashewa, yau jinyar wani, gobe jiran wani, kada ka ce an ɓata maka lokaci. Ana daidaita ka ne da 'yan'uwanka. Wanda ya isa shi kaɗai, dakali zai tarar, da ƙofa a rufe.

Kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya tambayi kansa: wane ne a gidanmu ya daina fitowa, ya ce ƙafa ce? Ka koma ka miƙa masa sandarsa, tun yana nan.