Gayyar da Ba Wanda Ya Zo

An yi wani manomi a wani ƙauye kusa da Ƙarfi, shekara uku bayan samun mulkin kai. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da dangi.

Da kaka mata sukan shiga gonarsa cirar auduga. Wata rana wata bazawara, Rabi'atu, ta tsaya ɗaure kayanta bayan sauran sun wuce, ya yi mata fyaɗe. Alƙali ya ɗaure shi shekara biyu.

Ya 'yan uwa, da bakin da ya shiga kurkuku da shi ya fito. In ya tari wannan ya ce Shaiɗan ne. In ya tari wancan ya ce abu ne rubutacce. In ya samu mai saurare ya ce, "To me ya tsayar da ita ita kaɗai?" Kullum akwai mai laifi, amma ba shi ba.

Limamin garin, Malam Sanda, ya ce masa, "Magana ɗaya ake nema. Je ka gaban iyayenta ka ce ka zalunce ta, gari zai karɓe ka."

Ya ce, "Malam, ai na yi ɗauri. Me kuma ya saura?"

Damina ta sauka, ciyawa ta ci gonarsa. Ya kira gayya, ya ɗauka an manta. Ƙanwarsa ta dama fura ƙwarya biyar, ya ɗauko mai gangar noma. Tun hantsi ake kiɗa. Samari suna ji, suna wucewa da garemani a kafaɗa zuwa gonar uban Rabi'atu. Da azahar makaɗi ya rataye gangarsa ya tafi. Fura ta yi tsami a gindin ɗorawa.

Wallahi abin ya ba ni tausayi, amma ko ranar bai je gaban iyayenta ba. Ya shekara huɗu ba mai zama tabarmarsa, har aka riƙa jinsa yana yi wa jakinsa bayani cewa ba laifinsa ba ne. Da ya rasu, kukan jakin ne ya sa aka leƙa, bayan kwana biyu.

Wa zai yafe laifin da mai shi ya ce bai yi ba? Zunubi ya kai shi kurkuku, amma hanzari ne ya hana shi tuba, ya tafi da hakkin baiwar Allah a wuyansa.

Allah ya kiyaye mu da zalunci, ya ba mu bakin cewa "na yi laifi" tun muna numfashi. Amin.