Mashayar Barewa a Ƙarƙashin Teku

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ko daga bayan teku ta fito.

To, daga can ɗin kuwa ta fito. A yammacin Faransa akwai yankin da ake kira Biritani, inda ƙasa ta miƙa hanci cikin teku ta ƙare. Mutanen wurin Keltawa ne, da harshensu da kiɗansu. Gaɓar tasu baƙaƙen duwatsu ce masu tsayi, kamar an sa wuƙa an yanke duniya. A bisansu akwai ƙaya mai fure rawaya da gajeriyar ciyawa mai fure shunayya, itatuwa kuma duk sun sunkuya gefe guda saboda iska. Tsofaffin wani ƙauye na can suna ba da wannan labari.

A zamanin da, annoba ta kori wasu mutanen kurmi, gida goma sha ɗaya, da awakinsu. Suka bi mafaɗar rana kwana goma sha tara, har ƙasa ta ƙare a gabansu. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Shugabansu Gulwen ne, mutum mai faɗin ƙirji da babbar murya. Maharbinsu kuwa Riwal, ɗan ƙanwarsa, wanda ake yi wa kirari: Riwal na Katel, tafiyarka ciyawa ba ta ji, mai kallon ƙasa ya san wanda ya wuce jiya. Katel ɗin nan kakarsa ce, mahaifiyar Gulwen. Ƙafafunta sun ƙi tun a hanya, kwana shida na ƙarshe a bayan Riwal ta yi su, tana yi masa tsiya cewa ƙashin bayansa ya fi na tsohon jaki kaifi.

Shekarar ta zo da fari. Ramukan duwatsu sun bushe. Suka ɗanɗana ruwan da ya cika musu ido, suka tofar, gishiri ne. Abin da ya rage a salkuna bai wuce na kwana biyu ba, rafi na ƙarshe da suka baro kuwa tafiyar kwana huɗu ce. Gulwen ya tara jama'a ya ce jibi za a juya. Ba wanda ya ambaci Katel, amma kowa ya san babu mai iya goyon babban mutum kwana huɗu da busasshen maƙogwaro.

Ita ta faɗa da bakinta. "Ku ajiye ni nan kan dutse. Wurin yana da kyan kallo, kuma na huta da bayan wannan yaron."

Da sassafe Riwal ya ɗauki baka da kwari ya fita.

Ya ci karo da sawun barewa, ya bi. Abin da ya ɗaure masa kai, sawun bai nufi daji ba, wata siririyar hanya ya bi zuwa ƙasan duwatsu. Da ya sauka sai ya tarar tekun ya janye nesa, ya bar yashi mai danshi da tulin ganyen ruwa ja da kore, fararen tsuntsaye suna tsinta a ciki. Can tsakiyar yashin, gindin wani baƙin dutse, ga barewar ta duƙa tana sha. Ya ɗana kibiya, ya ja har kunne. Sai ya tuna bai taɓa ganin dabba ta sha gishiri ba. Ya sassauta hannu. Masu labari sun ce barewar ta ɗago ta dube shi, ba ta gudu ba, ta matsa gefe kamar mai ba baƙo wuri. Ya durƙusa ya kamfata. Ruwa ne mai sanyi, mai garɗi kamar na marmaro, yana ɓuɓɓugowa daga tsagar dutse.

Kafin ya hau sama, ya tattaro mutane da salkunansu da tulunansu, rana ta kusa tsaka. Suka leƙa ƙasa. Babu yashi, babu baƙin dutse, sai igiyar ruwa tana dukan gaɓa.

"Ina rijiyar taka, ɗan ƙanwata?" in ji Gulwen. "Ko barewar ta tafi da abarta?"

"Kawu, da bakina na sha. Tana ƙarƙashin ruwan can."

"Ƙishi ya taɓa maka kai. Ka je ka kwanta a inuwa."

Mutane suka watse, wasu na dariya, wasu na share hawaye. Katel ta yafito shi.

"Zo nan, mai dogon wuya. Tun kana rarrafe ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa kullum kai ke shan duka. Da ka sauka da safe, yashin jiƙaƙƙe ne ko busasshe?"

"Jiƙaƙƙe, Kaka."

"To ashe ruwan nan zuwa yake yana komawa, kamar numfashin mai barci. Goya ni mu je mu jira shi."

Ya goya ta suka gangara, ya zaunar da ita kan wani falalen dutse. Ta sa ya jera mata tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, daga bakin ruwa zuwa cikinsa. Suka zauna, rana na dukansu. Can bayan azahar tsakuwar farko ta bushe, sai ta biyu. Zuwa yamma kan baƙin dutsen ya leƙo, yashi ya buɗe, marmaron ya fito yana walƙiya. Riwal ya ɗebo a tafin hannu ya kai bakin kakarsa. Ta sha, ta lumshe ido.

"Kira kawun naka. Ka ce ya taho da babbar muryarsa da babban tulu."

Jama'a suka sauko, manya da yara da awaki. Aka sha, aka wanke fuska, aka cika duk abin da ke riƙe ruwa. Gulwen ya sha har gemunsa ya jiƙe, ya kasa haɗa ido da Riwal. Amma mutanen kurmi ne, ba su san tekun da ya tafi a hankali yana dawowa ta bayan mutum ba. Suna duƙe a marmaro, ruwa ya fara zagayowa ta wani kwari tsakaninsu da gaɓa. Katel ce kaɗai ba ta ɗauke ido daga tsakuwarta ba. Da ta ga ta ƙarshe ta nutse, sai ta ɗaga murya ta kira su gida gida, kowa da sunansa. Suka tsallako, ruwa iya gwiwa, na baya iya ƙugu. Riwal ya fito ƙarshe da 'yar akuya a kafaɗa. Ba a rasa ko ɗaya ba.

Ba a sake zancen juyawa ba. Suka gina ɗakunan dutse a bisa gaɓa, suka koyi kama kifi, suka koyi kwaso ganyen ruwa su zuba a gona ya zama taki. A daidai inda tsakuwar ƙarshe take, Riwal ya kafa dogon dutse mai tsayin mutum uku. An ce shi kaɗai ya saɓo shi, kuma ana nuna wasu ramuka biyar a jikinsa a ce yatsunsa ne. Katel ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kullum a kan falalen dutsenta, tana gadin masu ɗiban ruwa.

Sunan ƙauyen a harshensu yana nufin Mashayar Barewa, kuma ba a harbin barewa a ƙasarsa. Yanzu suna da famfo a gidaje. Amma sau ɗaya a shekara, lokacin zafi, sukan sauka da tuluna da algaitarsu mai salka, su sha daga marmaron. Wani jika yakan goyo matar da ta fi kowa tsufa a garin, ko da tana iya tafiya da ƙafarta, ya zaunar da ita kan dutsen Katel. Idan teku ya taɓa gindin dogon dutse, sai ta kira su gida gida, kowa da sunansa, kuma ba ta tashi sai na ƙarshe ya amsa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Tekun ya rufe marmaronsa, ni ma na rufe bakina.