Motar Saja Japhet Mai Tafiya Shiru

Akwai wani tsohon soja a garin Zuru mai suna Japhet, wanda kowa ke kira Saja. Labarinsa ya fara ne ranar wata Alhamis da misalin ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gidansa, ta sauke baƙar jif sabuwa fil, ko ledar kujeru ba a cire ba.

'Yarsa Joyce ce ta aiko, daga ƙasar waje inda take aikin jinya. Tun rasuwar mahaifiyarta Alice take jin nauyin barin tsohon shi kaɗai a gida. Ba ta iya dawowa, sai ta yi abin da za ta iya. Ta sa aka kafa masa sola a kan rufi, sannan ta sayi mota mai aiki da lantarki.

Mutanen unguwa suka taru. Wani ya ce a buɗe bonet a ga inji. Godswill, direban da ya rako motar, ya buɗe, sai ga wurin zuba kaya wayam.

"To ina injin?" in ji wata mata. "Ko an sace a hanya?"

Aka kwashe da dariya. Godswill ya nuna wa Saja inda ake jona waya a yi caji, da allon da ke nuna bayan mota idan za a ja baya. Daga ƙarshe ya ce, "Baba, wannan ba ta ƙara ko kaɗan. Shi ya sa aka sa mata wani ɗan kuka idan tana tafiya a hankali, don masu tafiya a ƙasa su ji zuwanta. Ga inda ake kashe shi, amma ka bar shi a kunne."

Saja ya gyaɗa kai. Hankalinsa yana kan kujerun masu launin madara, waɗanda Godswill ya gama cire wa leda.

Kafin wannan jif, Saja yana da tsohuwar fijo wadda sai an tura take tashi. Idan ta tashi kuwa, har bakin kasuwa an san Saja ya fito. Mutum ɗaya ne ya fi kowa sanin kukanta, shi ne Haggai.

Haggai kofur ne a da, tare suka yi aikin soja tun suna samari. Hawan jinin ido ya cinye ganinsa a hankali, har ya daina bambance mutum da bishiya. Matarsa ta riga shi tafiya. 'Yarsa Leah, da ke aure a Danko, ta daɗe tana roƙon ya koma wurinta, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Muddin Saja yana garin nan, ina da idanu."

Kowace safiya Haggai yakan zauna a benci ƙarƙashin mangwaron da ke kwanar layinsu, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Da ya ji tarin fijo sai ya miƙe. Saja ya tsaya, ya ɗauke shi zuwa teburin mai shayi inda tsofaffin sojoji ke taruwa. Ranar Lahadi coci, idan maganin ɗiga wa ido ya ƙare asibiti. A hanya suna tsokanar juna kamar yara.

Washegarin zuwan jif, Saja ya tsaya a gindin mangwaro, ya sauke gilashi.

"Kofur, tashi ka gai da na gaba da kai."

"Wane irin kuka ne wannan kamar sauro?" in ji Haggai. "Ita ce motar? Tsaya in gan ta."

Ya miƙe ya fara shafa ta da tafin hannu, daga fitila har baya. Bai daɗe da cin ƙosai ba, yatsunsa suka bar sawun mai a jikin baƙin fenti. Saja ya fito da hankici, yana bin bayansa yana gogewa.

Da suka shiga motar, can sai Haggai ya ce, "Mun tashi?"

"Mun wuce makarantar firamare ma."

"Kai! Saja, wannan ba mota ba ce, mayya ce."

Saja ya yi dariya, ya ɗan taka don ya burge abokinsa. Ita kuwa irin wannan mota ba ta jira, da an taɓa ta take zabura. Haggai ya koma baya da ƙarfi, gorar kunun da ke hannunsa ta tuntsure, kunu ya kwarara a kan kujera har cikin ɗinki.

"Yi haƙuri, Oga. Ya zuba da yawa?"

"A'a," in ji Saja. "Kaɗan ne."

Da yamma ya durƙusa da soso da sabulu yana wanke kujerar. Tabon ya ragu, amma bai fita duka ba. Joyce ta kira ta bidiyo ta ce ya nuna mata cikin motar. Ya karkatar da wayar yadda ba za ta ga wurin ba.

"Baba, kana jin daɗinta?"

"Sosai, 'yata. Ba layin fetur, ba hayaƙi. Rana ce ke ba ta abinci."

"To ka kula da ita, ka ji? Ban so a mayar da ita kamar fijo."

Ba wani abu take nufi ba, amma maganar ta zauna masa.

Da gari ya waye, ya daɗe a zaune a cikin motar kafin ya fito da ita. An yi ruwa cikin dare, ya san takalmin Haggai zai kasance da laka. Ya taɓa allo, ya nemo wurin da Godswill ya nuna masa, ya kashe ɗan kukan. Ya ce wa kansa yau kaɗai ne, sai kujera ta bushe.

Ya zo kwanar a hankali. Ga Haggai a kan benci, ya sa rigarsa ta zuwa coci saboda sabuwar mota, ya karkatar da kai yana saurare. Motar ta wuce ta gabansa, kusa ƙwarai, da ya miƙa sanda da ya taɓa ta. Bai motsa ba. Saja ya kalle shi ta madubi har ya sha kwana.

Abin ya zo masa da sauƙi, fiye da yadda ya zata. Washegari ma haka. Bayan nan kuma bai ƙara neman dalili ba.

Da Haggai ya sa maƙwabciya ta kira masa Saja a waya, sai ya ce caji ne bai cika ba saboda hadari. Wani karon ya ce bayansa ke ciwo.

"Allah ya sauwaƙe, Oga," in ji Haggai. "Ka sha magani."

Teburin mai shayi ma Saja ya daina zuwa, don ya san tambayar farko da za a yi masa ita ce, "Ina Kofur?" A coci yakan zo a makare ya zauna a baya, ya fita kafin a gama addu'ar rufewa. Tsohuwar fijo tuni Muntaka bakanike ya saye ta, don haka maƙwabtan da ke fitowa turi da safe, a gaisa a yi raha, su ma babu abin da zai kawo su ƙofarsa.

Sai ya zamana Saja yana fita ba shi da wurin zuwa. Ya bi hanyar bayan gari, ya wuce gonakin dawa, ya juyo. Motar tana tafiya kamar a kan ruwa. Gilashi a rufe, sanyi yana busawa, babu abin da yake ji sai numfashinsa. A fijo, ko yana shi kaɗai, akwai ƙofar da ke karkarwa da salansar da ke tari, har yakan yi musu faɗa. Wannan babu abin da za a yi wa faɗa. Wata rana ya tsinci kansa yana ba kujerar gefe labarin wata tafiya da suka yi da Alice, ya juya don ya ji amsa, sai idonsa ya faɗa kan tabon kunu.

Da la'asar yakan jona wayar caji, ya jawo kujera ya zauna a tsakar gida yana kallon koren haske yana ƙyaftawa. Tuwon da mai aiki ta ajiye masa sai ya huce bai taɓa ba.

Kullum da safe Haggai yana kan benci. Ya daina sa rigar coci, ya koma tsohuwar rigar sanyinsa ta soja. Saja yakan ce a ransa, gobe zan tsaya. Amma idan ya tsaya me zai ce? Kowace rana da ta wuce sai tsayawar ta ƙara nauyi.

Ana cikin haka damina ta ja baya, dawa ta fara nuna. Wata safiya ya zo kwanar ya ga benci babu kowa. Ya taka birki a wurin a karon farko tun ranar kunu. Ya fito, ya ga kwaɗo a ƙofar Haggai.

Maƙwabciyar tana shara. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Leah ta zo jiya da yamma da motar haya ta tafi da shi. Da hantsi ne ya ce zai je asibiti da kansa, ya faɗa kwata a bakin titi, ya gurɗe ƙafa."

"Me ya sa ba a kira ni ba?"

"Shi ya hana. Ya ce kada a dame ka, bayanka na ciwo."

Saja bai koma gida ba, ya ɗauki hanyar Danko. Da tambaya ya gano gidan. Leah ta fito tana goge hannu da zane, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba tun tana yarinya, amma ba ta yi murmushi ba.

"Sannu da zuwa, Baba Saja. Yana bayan ɗaki."

Haggai yana zaune a kan tabarma, ƙafarsa ɗaure da bandeji. Kafin Saja ya buɗe baki ya ce, "Oga, ya baya?"

Saja ya zauna a ƙasa kusa da shi. "Kofur, baya na lafiya. Tun farko ma lafiyarsa lau. Kullum ina wucewa ta gabanka. Na kashe kukan motar ne don kada ka ji."

"Na sani."

"Wa ya faɗa maka?"

"Tsakuwa," in ji Haggai. "Ka manta kwanarmu duk tsakuwa ce? Ka kashe kukanta, amma ba ka cire tayoyi ba. Babur na da tafiyarsa, a-kori-kura na da tata. Mota mai nauyi da ke taka tsakuwa a hankali ba tare da inji ba, guda ɗaya ce a Zuru."

Saja ya ce, "To me ya sa kake fitowa kullum?"

"Na ce ko wata rana za ka tsaya. Kuma idan na ji ka wuce, na san ka kwana lafiya."

Kaji suna tono a gefen rumbu. Saja ya sa hannu ya share fuskarsa.

"Tashi mu koma gida, Kofur. Ka zuba kunu, ka zuba miya, ka shiga da laka har gwiwa. Na roƙe ka."

Haggai ya yi 'yar dariya. "Saja yana roƙon kofur. Ina ma 'yan bataliya suna nan." Ya lalubo hannun abokinsa ya riƙe. "Ban riƙe ka a zuciya ba, Oga. Amma na riga na ce wa yarinyar nan na zo ke nan. Ta yi kuka a kaina a asibiti. Shekaru ina ce mata ina da idanu a Zuru, yanzu da wane baki zan sake faɗa?"

Leah, da ke tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwa, ta ce, "Ba zai koma ba, Baba Saja. Amma ƙofar nan a buɗe take."

Saja ya sha ruwan. Ya zauna har rana ta karkata, sannan ya yi sallama. Kafin ya tayar da motar, ya taɓa allo ya kunna ɗan kukan nan mai kama da na sauro.

Haggai bai dawo Zuru ba. An ba da hayar ɗakinsa, maƙwabciya ta shigar da bencin cikin gida. Duk ranar Asabar Saja Japhet yakan tuƙa zuwa Danko, ya fara danna oda tun daga bakin layin su Leah. Sauran ranakun mako yana karya kumallo shi kaɗai.

Darasi: Duk abin da ka samu, idan ya sa ka fara ɓuya wa wanda ya zauna da kai lokacin da ba ka da shi, to ya karɓe maka fiye da abin da ya ba ka. Kujera ana wanke ta, amma ba kullum ne wanda ka wuce zai ci gaba da zama yana jiranka ba, ko da ya yafe maka. Idan akwai wani da kake wucewa shiru a kwanakin nan, tsaya masa yau. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya taka birki tun bencin bai zama wayam ba.