Fumfuna Biyu a Faranti Ɗaya

Akwai wani mutum mai binciken magunguna, danginsa manoman citta ne. Wata cuta ta shiga gonakinsu, citta tana ruɓewa tun tana cikin ƙasa. Yayansa ya zo da saiwa ɗaya mai wari, ya dire masa a gaba, ya ce, "Malam mai karatu, ga tsarabarka. In ba ka samo magani kafin shuka ba, ko iri ba zai rage mana ba."

Mutumin ya rasa sukuni. Ya san akwai fumfunar da takan fid da ruwa mai kashe cuta, sai ya bi gonaki yana ɗibar ƙasa, yana renon fumfuna iri-iri. A ƙa'idar aikinsu, kowace da farantinta, a rufe, kada ta taɓa wata. Fara da baƙa da koriya suka yi ta girma lafiya lau, ba wadda ta fid da kome. Ya zauna, ya tashi, ya buɗe wannan, ya rufe wancan. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Rannan faranti ya ƙare masa, saura guda, fumfuna kuwa biyu. Don haushi ya sa su tare, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan.

Suka bazu har suka gamu a tsakiya, ba mai ba wata hanya. Daidai inda suke gogayya sai wani jan ruwa ya tsattsafo. Ya ɗauka sun lalace, har ya nufi kwandon shara. Sai ya tsaya. Ya ɗiga ruwan a kan ƙwayar cutar da ya ciro daga saiwar nan. Cutar ba ta ƙara gaba ba. Ya aika wa yayansa ya fara gyaran gona.

Ga ma'anar misalin nan. Fumfuna mu ne, faranti kuwa ikilisiya ce. Maganin yana cikin kowace tun farko, amma zaman kaɗaici bai fid da shi ba. Haka Ubangiji ya zuba haƙuri da gafara a cikinka. Ba za su fito ba sai ka zauna da wanda halinsa ke ƙona maka rai. Ka ce za ka sake ikilisiya don ka huta da wane. Za ka huta, amma ba mai warkewa ta wurinka.

Ku da kuka daina gaisawa, kun san kanku. Ƙofa ɗaya za ku bi ku fita yau.