Cajin Minti Goma

Akwai wani mutum mai suna Irmiya, direban motar ɗaga kaya a wani babban siton siminti. Motar ba ta shan mai, da batir take aiki. Ranar da aka damƙa masa ita, Baba Habila, dattijon da ke kula da ɗakin caji, ya ce masa, "Ɗana, wannan ba batirin waya ba ne. In ka jona shi, ka bar shi awa takwas ya ƙoshi, ya huce, ka ƙara masa ruwan batir."

Irmiya kuwa uban gaggawa ne. Awa takwas? Ina! Sai ya ƙirƙiro tasa dabarar: in zai sha shayi ya jona minti goma, da fitilar batirin ta nuna kore ya zare. Murfin batirin ma bai taɓa buɗewa ba. Wata shida yana haka, yana yi wa dattijo dariya.

Ran nan hadari ya haɗu, ga siminti jibge a tsakar fili. Mai siton ya ce, "Irmiya, aikinka na kan buhunan nan. Shigar da su!"

Ya duba, fitila kore shar. Ya ɗauki kayan farko, yana kaiwa bakin ƙofa motar ta mutu murus, ta toshe hanya. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Baba Habila ya zo ya buɗe murfi. Irmiya ya leƙa. Wayyo! Cikin ya bushe ƙayau, ya yi fari fat, ya kumbura.

"Baba, ai kore ta nuna mini!"

"Fitila sama-sama take gani, ɗana. Cikin ya daɗe da mutuwa."

Siminti ya zama dutse, Irmiya ya rasa aikinsa a ranar.

Ma'anar misalin nan ita ce: batirin zuciyarka ce, cajin kuwa zama ne a gaban Ubangiji. Da yawanmu addu'ar tsaitsaye muke yi, hannu ɗaya na kan ƙofa. Ran Lahadi mu ci ado, mu ɗaga murya, kowa ya ce fitilarmu kore ce. To, 'yan'uwa, ranar gwaji ba ta sallama, kuma ba fitila za ta duba ba. Yaushe rabonka da ka zauna har ka ƙoshi? Ka buɗe murfin yau da hannunka, tun hadari bai haɗu ba.