Ƙannen Rediyo a Bakin Get

Akwai wata mata mai dafa abinci a wata makaranta, yara suna kiranta Inna. Shekara goma sha tara tana tsaye gaban tukunya, har gwiwoyinta sun fara kai ƙara.

Da aka yi dogon hutu, hedimasta ya kira ta ofis. Za a riƙa ba ɗalibai marasa ƙarfi abincin rana, a kuma yi musu bitar lissafi. Su biyu suka tsara komai kafin shayinsa ya huce. Doka biyu ce: sai mai suna a rajista zai shiga, kuma ba a fita da abinci.

Ranar farko ta dafa na mutum sittin. Tara suka zo.

Washegari ma tara. Kullum da la'asar sai ta kinkimi ragowar shinkafa ta kai wa maƙwabciyarta mai kaji, tana istigfari a hanya. Abin da ya fi damunta, ta san yaran nan. Lokacin karatu har lashe faranti suke yi. To, yunwar tasu ma hutu ta tafi?

A mako na biyu hedimasta ya leƙo kicin. "Inna, idan Juma'a ta zo a haka, rufewa za mu yi. Ba sa buƙata."

Ranar nan ta hango wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, wadda ake kira Rediyo saboda surutu, tana tura rabin abincinta cikin leda.

"Ke Rediyo! Ba ki san doka ba?"

"Na sani, Inna. Leƙa bakin get ki ga dokar."

Inna ta ja ƙafa ta leƙa. Yara biyu ƙanana suna raɓe a 'yar inuwar katanga, ƙaramin yana tsotsar wuyan rigarsa.

Rediyo ta ce, "Ƙannena ne. Mama tana fita aiki tun safe. In aka yi hutu, mu ne iyayen. Waɗanda ba su zo ba duk haka ne, wa za su bar wa ƙanne? Kuma wa zai haɗiye loma ƙaninsa yana leƙe?"

"Ke da bakinki ba ya hutawa, me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"An tambaye ni?"

Inna ta zauna a kan benci. Ta kira su taran, ta miƙa musu takarda da biro. "To, ga tambaya. Ku faɗi yadda kuke so."

Suka ce a bar kowa ya zo da ƙannensa. A shimfiɗa tabarma a aji ɗaya, manya su riƙa karɓa-karɓar reno, sauran su yi ƙwallo da zane. Wani dogo ya ce, "Lissafin nan kuma, Inna, hutu aka ba mu ko horo?"

Da ta kai wa hedimasta takardar, ya ɓata rai. "Yanzu yara ne za su tsara mana aiki?"

"Ranka ya daɗe, ai mun tsara da kanmu. Kaji ne suka yi ƙiba."

Ya daɗe yana kallon takardar. "Zuwa Juma'a kawai."

Ranar Juma'a ba a kai sittin ba. Ɗalibai arba'in da ɗaya ne suka zo, sai ƙanne da ba ta iya ƙirgawa ba, don ba sa tsayuwa wuri ɗaya. Aka kankare tukunya har ƙanzo. Ita kanta ba ta samu ko loma ba, bayanta kamar zai tsinke.

Hedimasta ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon hayaniyar.

"Inna, ranar Litinin ki ɗora babbar tukunya."

Ta ce, "Alhamdulillahi." Sai da ta dafa bango sannan ta iya miƙewa.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta wadatar ba idan ba a tambayi wanda ake yi dominsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ko da yaro ne. Kafin mu tsara wa 'ya'yanmu wani abu, mu zaunar da su, mu tambaya, mu kuma yi haƙurin saurare. Ku tura wa iyaye da malamai, Allah ya ba mu ladan.