Gilashin da Ba a Rina Ba

Akwai wata mace mai suna Dinatu, tana da 'yar ƙaramar yarinya, Kyauta. Wata rana yarinyar ta tashi da zazzaɓi, wuya ya kumbura, ko kunu ba ya wucewa. Surukar Dinatu ta leƙa bakin jikarta, ta hango wani fari-fari can ciki, ta ce, "Beli ne ya sauko. Maza kai ta wurin wanzami ya yanke."

Dinatu ta ce, "To, Mama." Amma hankalinta bai kwanta ba, gama ana ta zancen mashaƙo a gari, cutar nan mai toshe wa yara maƙogwaro. Sai ta goya yarinyar ta biya asibiti tukuna, da niyyar in ba a ga kome ba ta zarce wurin wanzami.

Mai gwajin asibitin ya goga auduga a maƙogwaron Kyauta, ya shafa a kan wani ɗan gilashi, ya bari ya bushe. Dinatu ta miƙa wuya ta duba, ta ga gilashi fes.

Ta ce, "Na gode Allah, ba kome! Ashe Mama ce da gaskiya." Ta shiga gyara goyo.

Mutumin ya ce, "Ina zuwa, Maman Kyauta? Zauna, ban rina ba tukuna."

"Rini kuma? Malam, zane na kawo maka?"

Ya yi dariya, ya ɗiga wani koren ruwa a kan gilashin, ya ɗauraye, ya ƙara wani. Dinatu dai gani take ya ɓata abu mai tsabta. Ya sa gilashin a madubin likita mai nuna ƙananan ƙwayoyin cuta, ya daɗe yana dubawa, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Zo ki sa idonki."

Sai ga waɗansu 'yan sanduna kore-kore, da baƙin ɗigo a kawunansu, sun jingina da juna kamar ashanar da aka zubar.

Ya ce, "Waɗannan sun yi kama da ƙwayoyin mashaƙo. Tun ɗazu suna nan, launi ne ba su da shi. Za mu ƙara gwaji, amma likita ba zai jira ba. Da aska ta taɓa wurin nan..." Bai ƙarasa ba. Aka yi wa Kyauta allura, aka ba ta gado, Ubangiji kuwa ya tashe ta.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwana, ga ta. Gilashin nan zuciyarmu ce. Mukan leƙa ta da idonmu, mu ce ai fes take. Rinin kuwa Maganar Allah ce. Sa'ad da ta sauka a kanmu mukan ji haushi, mu ce mai wa'azi ya ɓata mu, alhali kuwa gabar nan da ƙyashin nan sun daɗe a ciki suna shaƙe mu. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, Dinatu ta riga ta yi godiya, ta miƙe za ta tafi. Don haka in an ce maka zauna tukuna, don Allah ka zauna.